Yadda Za Ka Sauya Tsarin Ba Da Maki A Kwas Ɗinka, Mataki-Mataki

A ɗauki ɗalibai uku a aji ɗaya, kowannensu da gwaji huɗu a zangon karatu. Na farko ya fara da 40, ya hau 55, ya hau 75, ya ƙare da 90. Na biyu ya fara da 90, ya gangaro 75, ya gangaro 55, ya ƙare da 40. Idan aka tara aka raba huɗu, su biyun 65 ke gare su, alhali ɗaya ya bar ajin ya iya, ɗayan kuma abin ya suɓuce masa. Na uku ya ci 85 sau uku, ranar gwaji na huɗu ciwo ya kwantar da shi, aka rubuta masa sifili. Makinsa bai kai 64 ba, wato ya koma bayan waɗancan biyun. Duk malamin da ya taɓa cike takardar sakamako ya san irin waɗannan mutum ukun, ya kuma san cewa lambar da ya miƙa wa ofis ba ta faɗi gaskiyar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Tsarin tara maki a raba bai daɗe kamar yadda ake zato ba. A 1785 Ezra Stiles, shugaban Kwalejin Yale a Amurka, gida huɗu kawai ya kasa ɗalibansa bayan jarrabawa, daga zakaru zuwa raunana. Haruffan A, B, C kuwa galibi ana kai tarihinsu ga Kwalejin Mount Holyoke a 1897. Tun tsarin yana ɗanye aka fara ganin ɓarakarsa. A 1912 Daniel Starch da Edward Elliott suka sa malaman Turanci 142 su duba kwafin takardun ɗalibai biyu, kowa ya ba da maki bisa ɗari. Takarda ɗaya ta samu daga 64 zuwa 98, ɗayar daga 50 zuwa 97. Aka ce ai insha'i ne, dole ra'ayi ya shiga. Da suka maimaita da takardar lissafi a shekarar da ta biyo, sai tazarar ta ma fi faɗi, daga ƙasa da 30 zuwa sama da 90 a kan takarda guda.

A 1988 Ruth Butler ta yi wani gwaji da yara 'yan aji biyar da shida a Isra'ila. Wasu aka mayar musu da aikinsu da maki kawai, wasu da bayanin gyara kawai, wasu da duka biyun. Masu bayanin gyara zalla ne aikinsu ya inganta. Waɗanda aka haɗa wa maki da bayani ba su fi masu maki kawai ba: da ido ya faɗa kan lamba, bayanin ya tafi a banza. Yara ne, gwajin kuma gajere ne, don haka kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Amma wanda ya taɓa kwana yana rubuta gyara a gefen takardu, washegari ya ga an leƙa maki an cusa takarda a jaka, ba zai yi mamakin sakamakon ba.

Hanyoyin da malamai suka fito da su a madadin wannan tsari suna da sunaye da yawa, amma gindinsu ɗaya. David Clark da Robert Talbert, malaman lissafi a Jami'ar Grand Valley State da ke Michigan, sun taƙaita shi a abu huɗu: ɗalibi ya san abin da ake nema a fili, ya samu gyara mai amfani, alamar da aka sa masa ta nuna inda ya kai, sannan a ba shi damar sake gwadawa ba tare da an yanke masa komai ba. A ganina na huɗun ne ke riƙe da sauran, kuma shi ne ke karya malami idan bai tsara shi da lissafi ba. Matakan da ke ƙasa an jera su ne da wannan a zuci.

Mataki na 1: San iyakar hurumin da kake da shi

Kafin ka taɓa komai, karanta dokokin makarantarka da na sashenku. Akwai kason da aka wajabta wa jarrabawar ƙarshe? Harafi ake miƙawa ko lamba? Kwas ɗin naka ne kai kaɗai, ko akwai wasu malamai da ke koyar da shi a wasu azuzuwa? Abin da doka ta ɗaure, bar shi a ɗaure, ka yi aikinka a cikin kason da ke hannunka. Ka kuma sanar da shugaban sashe tun kafin zango ya fara. Gara ya ji daga bakinka da ya ji daga bakin ɗalibin da ya kai ƙara.

Mataki na 2: Rubuta abin da ɗalibi zai iya yi idan ya gama

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne ake yawan gaggawa. Ɗauko manhajar kwas da tsofaffin tambayoyinka, ka tambayi kanka: wanda ya ci wannan kwas, me zai iya yi da hannunsa wanda da bai iya ba? Rubuta kowace amsa a jimla ɗaya da ta fara da “Zan iya”, kuma aikin da ke cikinta ya zama wanda ido zai gani.

“Zan fahimci ƙididdiga” ba ta aunuwa, domin ba ka da hanyar leƙa cikin kan mutum. “Zan iya zaɓar zanen da ya dace da irin bayanan da aka ba ni, in zana shi, in faɗi abin da ya nuna” tana aunuwa. A darasin rubutu, “Zan iya kafa hujja a sakin layi ɗaya in goya mata baya da shaida daga nassi” ta fi “Zan iya rubutu mai kyau” amfani nesa ba kusa ba. Hanyar gane jimla mai kyau ita ce ka iya tsara mata tambayoyi daban-daban guda huɗu ko biyar masu nauyi ɗaya. Idan ka kasa, ko dai ta yi faɗi da yawa, ko ta yi ƙanƙanta har ta zama tambaya ɗaya tak da za a haddace.

Jerin farko zai yi tsawo, wataƙila ya kai 40. Rage shi. Ga zango mai mako 14 ko 15, tsakanin 12 da 20 ne abin da mutum ɗaya zai iya riƙewa. Duk ƙwarewar da ka bari a jerin, ka yi alkawarin koyar da ita, da gwada ta, da sake gwada ta, da ajiye lissafinta ga kowane ɗalibi. Daga nan ka ware ginshiƙai, wato biyar ko shida da kwas na gaba ya dogara a kansu, waɗanda ba za ka yarda wani ya wuce ba tare da su ba. Amfanin wannan warewa zai fito a mataki na shida.

Wani abu da za ka lura da shi a nan: halartar aji, da tsabtar rubutun hannu, da miƙa aiki a kan lokaci ba za su shiga jerin ba, domin ɗabi'u ne. Suna da muhimmanci, amma idan aka gauraya su da awon ilimi sai harafin B ya rasa ma'ana, ba a san ko mai shi ya iya ne ko dai yana zuwa da wuri ba. Idan dole ne a lissafa su, a ba su layinsu daban.

Mataki na 3: Zaɓi tsarin da ya dace da irin aikin kwas ɗin

Na farko shi ne awon ƙwarewa ɗaya bayan ɗaya. A littafin makinka, maimakon “gwaji na 1, gwaji na 2”, kan kowane layi sunan ƙwarewa ne. Gwaji ɗaya zai iya ɗaukar tambayoyi huɗu a kan ƙwarewa huɗu, kowacce a yanke mata hukuncinta, ba a tara jimilla. Asalinsa yana komawa ga masanin ilimi Benjamin Bloom, wanda a 1968 ya kawo hujjar cewa mafi yawan ɗalibai za su iya ƙware abin da ake koya musu idan aka ba su isasshen lokaci da gyaran da ya dace, domin bambancinsu ya fi yawa a saurin koyo. Wannan tsari ya dace da lissafi, kimiyya, nahawu, akanta, rubuta manhajar kwamfuta, duk inda ilimi ke rarrabuwa gaɓa-gaɓa.

Na biyu shi ne tsarin sharuɗɗa, wanda Linda Nilson ta Jami'ar Clemson ta yaɗa wajen 2015. A nan aiki sukutum ake dubawa, kamar rahoton ɗakin gwaje-gwaje ko maƙala. An rubuta masa sharuɗɗa tun farko. Idan ya cika su duka ya karɓu, idan bai cika ba ya koma gyara. Babu rabin maki. Nilson ta ba da shawarar a ɗora ma'aunin karɓuwa a kan aikin da a da zai ci B, ba wanda zai tsira da ƙyar ba.

Na uku yarjejeniya ce tsakanin malami da aji. A tsarin da Jane Danielewicz da Peter Elbow suka bayyana a 2009 don darasin rubutu, duk wanda ya cika alkawuran da aka lissafa, kamar miƙa daftari a kan lokaci, yi wa abokan aji gyara da gaske, da sake rubutu bayan gyara, ya tabbata da B. Abin da ya haura B ne kawai ingancin rubutu ke yanke masa hukunci. Wani malamin rubutu, Asao Inoue, ya ƙara gaba, ya ɗora darajar duka a kan yawan aikin da ɗalibi ya yi. Amfaninsa shi ne mai tsoron rubutu yakan saki jiki ya gwada sabon abu. Illarsa kuma ba kowa ke da lokaci iri ɗaya ba: mai aiki da dare, ko mai raino, ko mai larura, zai iya sanin darasi sosai amma ya kasa tara awannin da ake nema.

Na huɗu shi ne cire maki gaba ɗaya a tsawon zango, wanda malaman jami'a Susan Blum da Jesse Stommel suna cikin fitattun masu kira gare shi. Ɗalibi yana karɓar gyara zalla, yana tara ayyukansa a kundi, yana rubuta yadda yake ganin ci gabansa, a ƙarshe shi da malami su zauna su daidaita a kan harafi, malami yana da ikon gyarawa. Akwai makarantun da suka ginu a kan irin wannan, kamar Kwalejin Evergreen State a jihar Washington, inda bayani a rubuce ke maye gurbin harafi. A ƙaramin aji na manyan ɗalibai yana iya yin kyau ƙwarai. Amma ba zan ba wanda zai fara shawarar ya fara da shi ba. Mai ƙarfin hali zai ba kansa A, mai kunya da ya fi shi iyawa zai ba kansa B, kuma idan ba a rubuta ma'auni a fili ba, hukunci ya koma cikin zuciyar malami inda ba mai ganinsa.

Akwai kuma tsarin “ya ci ko bai ci ba”, irin wanda jami'ar MIT ta Amurka ke yi wa sababbin ɗalibai a zangonsu na farko, da wanda aka mayar da matakin farko na jarrabawar lasin likitoci ta Amurka a kansa a 2022. Wannan hukuncin hukuma ne, malami ɗaya ba ya yanke shi.

Yawancin kwasa-kwasai haɗi suke bukata. Ƙananan ƙwarewa a auna su da tsari na farko, manyan ayyuka da na biyu. Misalin da zan bi daga nan kwas ne na ƙididdiga mai ƙwarewa 16, shida daga ciki ginshiƙai, da rahotanni huɗu.

Mataki na 4: Rage matakan maki, ka rubuta ma'auni

Ma'aunin ɗari yana da matakai 101, kuma ba malamin da zai iya kare bambancin 72 da 74. Biyu sun isa: “ya kai” da “da saura”. Idan kana son ƙari, yi huɗu: ya yi fice, ya kai, a gyara, ba abin dubawa. Kada ka sa musu lambobi, domin da ka kira su 4, 3, 2, 1, ɗalibai za su tara su raba, kai ma wata rana za ka yi.

Sannan ka rubuta abin da “ya kai” ke nufi. Ga tambayar lissafi, misali: hanya daidai ce, an nuna matakai yadda wani zai iya bi, amsa ta zo da bayanin abin da take nufi, kuma ƙaramin kuskuren tarawa da bai taɓa tushen aikin ba ba ya hana karɓuwa. Wannan na ƙarshen ka faɗe shi a fili, in ba haka ba ɗalibai za su ɗauka cewa sai aiki ya zama ba aibi ko ɗaya, tsoro ya ninka na da. Ga rahoto, sharuɗɗa biyar zuwa takwas sun isa, kowanne a iya amsa shi da i ko a'a: an faɗi tambayar bincike a sakin layi na farko, kowane zane yana da suna da ma'auni, an faɗi dalilin zaɓar hanyar da aka bi, kammalawa ba ta wuce abin da bayanai suka nuna ba.

Ka nuna wa aji samfuri biyu, wanda ya kai da wanda ke da saura, ba sunan kowa a kai, su da kansu su duba da ma'aunin. Minti 20 na wannan ya fi shafi uku na bayani. Idan kuna da mataimaka masu duba takardu, ku duba takarda biyar tare kafin a raba, ku ga inda kuka saɓa.

Mataki na 5: Tsara sake gwadawa yadda ba zai cinye ka ba

Wanda ya faɗi gwajin tuƙi sau biyu ya ci a na uku, lasin da ake ba shi daidai yake da na kowa, ba a tara ranakun a raba. Wannan ita ce hikimar. Amma malamin da ya tashi a ranar farko ya ce “kowa ya sake sau nawa ya ga dama, duk lokacin da ya so”, to kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Yi lissafi tun yanzu. Aji mai mutum 80, gwajin mako mai tambaya huɗu, tambaya 320 ke nan. Ko minti ɗaya kake ba kowacce, ka haura awa biyar. Gaskiya ne yanke “ya kai” ko “da saura” ya fi sauri a kan tunanin ko 6 za a bayar ko 7, amma yawan takardun zai ƙaru. Don haka ka yanke awa nawa kake da su a mako, ka gina tsarin a cikinsu.

Hanya mafi sauƙi ita ce a saka maimaicin cikin gwajin aji. Kowace ƙwarewa ta fito a gwaji uku a jere da sabuwar tambaya, wanda ya riga ya kai ya tsallake ta. Sannan a ware rana biyu ko uku a zango, ɗaya a tsakiya, ɗaya dab da ƙarshe, waɗanda ba sabon darasi sai cike giɓi. Da zango ya yi nisa za ka ga takardun suna raguwa, domin kowa abin da ya rage masa kawai yake amsawa.

Idan za ka buɗe ƙofar sake gwadawa a wajen aji, sa mata sharaɗi. Ƙwarewa ɗaya ko biyu a mako, ba ƙari. Kafin ɗalibi ya zo, ya kawo gyaran tsohuwar takardarsa da jimla biyu: ina na kuskure, me ya sa. Wannan kaɗai yana korar masu zuwa gwada sa'a. Tambayar kuma sabuwa ce, ba wadda ya faɗi ba. Ga rahotanni, gyara ɗaya ko biyu a cikin mako guda bayan an mayar, tare da nuna wuraren da aka sauya don kada ka sake karanta komai daga farko.

Tikiti ma yana taimakawa, kuma yana cikin tsarin Nilson. Kowane ɗalibi ya fara zango da uku. Da tikiti ɗaya zai sayi ƙarin kwana biyu a kan wa'adi, ko ƙarin gyara ɗaya. Ba sai ya kawo maka dalili ba, kai ma ka huta da zama alƙalin uzuri.

Sai ka sa ranar rufe ƙofa, mako ɗaya aƙalla kafin jarrabawar ƙarshe, ka rubuta ta a takardar kwas. Idan ba ka yi ba, rabin aji zai taru a ƙofar ofishinka a makon ƙarshe.

Batun satar amsa: tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka yawaita, aikin da aka yi a gida ba ya zama shaida shi kaɗai. Shaidar ƙwarewa ta fito daga abin da aka yi a gabanka, a rubuce ko da baki. Tambayar baki ta minti uku a kan rahoto tana nuna wanda ya rubuta shi.

Mataki na 6: Haɗa darajar ƙarshe

Tunda ba tarawa, kowane harafi yana da jerin abin da ake bukata, sai an cika duka ake samunsa. Fara da mafi ƙarancin abin da za ka kira “ya ci”, domin shi ne alkawarin da kake yi wa malamin kwas na gaba. A misalinmu, C na bukatar ginshiƙai shida duka, da ƙwarewa 10 cikin 16, da rahoto biyu da suka karɓu. B na bukatar 13 da rahoto uku. A na bukatar 15 da rahoto huɗu, kuma a nuna kowane ginshiƙi sau biyu a ranaku daban-daban. D ga wanda ya kai takwas, huɗu daga ciki ginshiƙai.

Ka lura, a tsohon tsari mutum zai iya cin kwas da rabin maki a kowace tambaya, bai iya ko abu ɗaya cikakke ba. A nan mai C ya iya abubuwa goma, kuma ka san sunayensu. Wannan ita ce amsarka ga abokin aikin da zai ce ka sassauta.

Ka yanke tun yanzu yadda za ka yi da wanda ya faɗa tsakani, kamar mai ƙwarewa 15 amma rahoto biyu kawai. Ko dai mafi ƙanƙanta ya yi hukunci, ko a ba shi C da ƙari. Kowanne ka zaɓa, a rubuce. Jarrabawar ƙarshe kuma tana iya zama dama ta ƙarshe ta cike giɓi, ko gwajin ginshiƙai da zai ɗaga harafi ko ya sauke shi da rabin mataki. Ina fifita na biyun, domin yana hana a iya abu a mako na uku a manta da shi a na sha biyu. Idan ofis lamba yake karɓa, ka ba kowane harafi lambar da ke tsakiyar zangonsa a ma'aunin makarantarku.

Mataki na 7: Gwada tsarin a kan takarda kafin ka gwada shi a kan mutane

Ɗauko sakamakon wani zango da ya wuce, ka zaɓi mutum biyar ko shida: haziƙi, matsakaici, mai jinkirin farawa, wanda ya ɓace wata guda ya dawo, da mai neman hanya mafi sauƙi. Bi da kowannensu ta sabon tsarin ka ga harafin da zai fito. Ka fi mai da hankali ga na ƙarshen. Zai iya samun B ba tare da ya taɓa babi na ƙarshe ba? Idan i, ƙara ginshiƙi daga can.

Mataki na 8: Gyara yadda kake rubuta gyara

Da ka cire lamba, bayaninka ne kaɗai abin da ɗalibi zai riƙe, kuma ba kowane bayani ke amfani ba. A 1996 Avraham Kluger da Angelo DeNisi suka tattara bincike sama da ɗari a kan gyara, suka tarar fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokuta ya ƙara ɓata aiki ne, musamman idan ya karkata ga mutumin ya bar aikin. “Ba ka da natsuwa” da “Kai gwani ne” duk jirgi ɗaya ya ɗauko su. “A layi na uku ka raba da yawan mutane duka, alhali tambayar a kan mata kaɗai take, duba misali na biyu a babi na huɗu” ta nuna wuri, ta nuna dalili, ta nuna mataki na gaba, ba ta kuma ba da amsa ba.

Abu ɗaya ko biyu a takarda sun isa. Idan kuskure ɗaya ya maimaitu a takardu 20, kada ka rubuta shi sau 20: sa alama, ka yi bayaninsa a allo. Ka kuma mayar da takardu kafin dama ta gaba ta zo, domin gyaran da ya iso bayan an sake gwaji ba shi da aiki.

Mataki na 9: Bayyana wa ɗalibai, ka sake bayyanawa

Ɗalibanka sun shekara 12 ko fiye suna lissafin maki, kuma waɗanda suka fi gwanancewa a kai su ne za su fi tayar da hankali. Wanda ya saba cin 80 idan ya ga “da saura” ji yake an ba shi sifili. Kada ka yi musu lacca a kan falsafar ilimi, kada kuma ka ce gwaji kake yi da su. Shafi ɗaya ya isa: ga abin da za ka iya, ga yadda za a auna, ga abin da za ka yi idan ba ka kai ba, ga abin da kowane harafi ke bukata. A mako na biyu ka ba da ƙaramin gwaji mai sauƙi, a yi zagaye ɗaya cikakke na gwaji da gyara da sakewa, kowa ya ga alamarsa ta sauya da idonsa. Bayan wannan tambayoyi sukan ragu.

Rashin bayani yana kashe tsari ko da mai kyau ne. Jihar Maine a Amurka ta yi doka a 2012 cewa shaidar kammala sakandare ta dogara a kan nuna ƙwarewa, amma a 2018 aka janye tilascin, bayan koke-koken iyaye da malamai a kan ruɗani da bambancin yadda makarantu ke aiwatarwa.

Ka ba kowane ɗalibi takardar bin sawu mai akwatuna 16 da layin rahotanni, ya riƙa cikewa da kansa. Idan makarantarku na amfani da manhajar intanet ta ajiye maki, kashe wurin da ke nuna jimilla ko kaso, domin za ta tara alamunka ta fitar da lambar da za ta firgita aji. A tsakiyar zango ka gaya wa kowa inda ya dosa: “Da wannan tafiyar B kake nufa, ga abin da ya rage.”

Mataki na 10: Fara da kaɗan, ka ajiye shaida

Kwas ɗaya, wanda ka taɓa koyarwa, a zangon da ba ka da nauyi da yawa. Idan ko wannan ya yi maka girma, sauya ɓangare ɗaya kawai: gwaje-gwajen mako su koma “ya kai” da “da saura”, sauran su zauna yadda suke. Idan ka ga kuskure a tsakiyar zango, gyara shi ta fuskar da ba za ta cutar da ɗalibi ba, tsanantawa kuma ta jira zango mai zuwa.

Wataƙila masu A da B su ƙaru, kuma za a tambaye ka dalili. Ajiye kwafin tambayoyi, da ma'auni, da samfurin takardun da suka kai da waɗanda ba su kai ba. Idan akwai jarrabawar bai ɗaya da sauran azuzuwa, kwatanta sakamakon ajinka da nasu. A ƙarshen zango ka duba littafin makinka layi-layi: ƙwarewar da kowa ya ci a karon farko wataƙila ta yi sauƙi ko a haɗe ta da wata, wadda rabin aji bai kai ba har a karo na uku kuma ko dai abu biyu ne a cikin jimla ɗaya, ko tana bukatar ƙarin mako na koyarwa. Rubuta awannin da dubawa ta ci maka kowane mako, ka daidaita yawan damar sake gwadawa da su kafin ka buga takardar kwas ta zango mai zuwa.